Yashin Rafin Gajere

Manhajar kwamfutar da Zalia, mai zanen gine-gine, ke aiki da ita a garin Sokodé tana auna ɓarnar da gini zai yi wa muhalli, daga haƙa tushe har rushewarsa. Makarantar da Zalia ta zana wa garin Dapaong ta nuna ja a allon, saboda daga nesa tifa za ta ɗauko yashi. Ta zaɓi yashin rafin kusa, allon ya koma kore.

Bayan damina ta je duba aikin. An kwashe yashin rafin, gaɓa ta zaftare da lambun wani tsoho, Gajere.

Ya dube ta ya ce, "'Yata, ke ce mai awon? Kin sa ni a ciki?"

Ta buɗe kwamfutar ta duba. Babu gurbin rubuta sunansa, kuma allon yana nan kore.