Tsakanin Dole da Ya Kamata

…kalma ɗaya fa, Umma. A kanta muka cika zauren otal ɗin nan na Busan, wasu daga Tokyo, wasu daga Taipei, wasu sun kwana a jirgi suna hamma. Ga ta can an haska a bango, layin da na rubuta da hannuna: kowace na'ura dole ta karɓi adireshin imel da aka rubuta da haruffan mai shi. Dole. Ko kuwa a ce ya kamata? In an ce ya kamata, wadda ta ga dama ta mayar da saƙo, ba wanda zai tuhume ta.

Maganar sunanki ce fa, Umma. Pyo Mal-sun, da haruffanmu, kafin alamar nan ta imel, @, da muke kira dodon-koɗi. Ranar da na nuna miki ita a waya kina bayan tebur a kasuwar Jagalchi, hannu duk ƙamborin kifi, kika leƙa kika ce, "Wannan ai shi nake sayarwa. Ke Hyang-suk, karatun da na biya miki ke nan, kiwon dodon-koɗi?" Matan layin suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sannan kika tambaye ni me ya sa sunanki ya koma rubutun Turawa a adireshin, rubutun da ba ki iya karantawa...

Tsoho Kuroiwa, ɗaya daga cikin mahalarta zaman nan, ya miƙe. Yana dafa kujera, yana gyara makirfo. Ya ce akwai tsofaffin na'urori a ƙananan asibitocin tsibirai, ba wanda ya taɓa su tun kafin a haifi rabinmu, in muka ce dole za su riƙa zubar da saƙonni shiru, ba tare da kowa ya sani ba. Sakamakon gwajin jinin wani. Gaskiya ya faɗa — abin da ke ba ni tsoro ke nan, gaskiya ya faɗa.

Kuma waɗannan ƙa'idojin da muke yi wa kwaskwarima, su wa suka rubuta su? Wasu samari, shekaru hamsin baya, a ɗakin da na'ura ɗaya ta cika. Suka ce a sa suna, a sa alama, a sa gidan da saƙo zai sauka. Shi ke nan. Yanzu, a daidai wannan numfashin, saƙonni nawa ke gudu a ƙarƙashin tekun da nake hangowa ta taga? Neman aiki, sanarwar haihuwa, kuɗin haya, ban haƙuri... kowanne na bin layin da suka shata, digo a nan, waƙafi a can, ba ɗan sanda, ba sarki, ba wanda ya tilasta. Na'urar Busan da ta ƙarshen duniya ba su san juna ba, amma sun yarda. Yaya aka yi suka yarda? Shekaruna ashirin a aikin nan, har yau tsigar jikina tashi take.

Shugabar zama ta ce a gwada ra'ayi. Ba a ɗaga hannu a nan, Umma, rufe baki ake a yi mmm, ɓangaren da ya fi ƙara shi ya ci. Da kin gani da kin ce manya sun zautu. Masu ya kamata... ƙugi ya tashi, mai kauri, Kuroiwa idonsa a rufe. Masu dole —

Kujerata na rawa. Ta ƙirji nake jin sa, kamar injin jirgin ruwa lokacin da zai bar gaɓa.

"Dole," in ji shugaba. "Malama Hyang-suk, a tabbatar da shi a rubuce."

Na ci ke nan? To me ya sa ban yi murna ba? Asibitocin can suna nan, ba su ji ƙugin ba. Kuma wata rana wata yarinya da ba a haifa ba tukuna za ta zauna a zaure irin wannan, ta buɗe layina, ta ce wace ce wannan, me take tunani... ba na nan balle in ba ta amsa.

Kowa na kallon bango. Yatsana na kan maɓallin kwamfuta. Ban danna ba tukuna.