Kiɗan da Sakinatu Ta Ɗauke

Rilwanu ya zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin koyon gogen Turawa, yana zaune wurin kawunsa mai sarin takalma a titin Zhanxi Lu. Tun bara yake fama da wani tsohon kiɗan goge na Italiya, har yatsunsa suka yi kanta. Sai Sakinatu, 'yar ajinsu daga Damagaram, ta sake tsara kiɗan domin ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai bututu.

Ranar gwaji shi ya fara, aka tafa masa sama-sama. Da Sakinatu ta zauna gaban ogan, hannuwa da ƙafafu duk suna aiki, har tagogin zauren suka ɗauki rawa. Malaminsu ya miƙe tsaye yana tafi.

Rilwanu ya tare ta a bakin ƙofa. "Kiɗana ne fa kika ɗauke."

"Naka? Haba Malam Rilwanu, mai shi ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanka. A hannunka dai na fara jin sa, shi ya sa na so shi."

Maganar ta ɗan sanyaya masa rai, amma ya kasa taya ta murna. Da 'yan aji suka tafi cin abinci tare, shi gida ya nufa.