Baba Taku da Rami na Bakwai

"Ba a shiga da silifas, Baba," in ji mai gadi. "Kuma rigarka ba ta da kwala. Doka ce."

Baba Taku ya dubi ƙafafunsa, ya dubi mai gadin, sannan ya juyo ya harare ni kamar ni na kafa dokar. Ina tsaye riƙe da babur ɗin da na goyo shi a kai.

"Ɗana, ranar da na fara shiga filin nan ko silifas ɗin ba ni da shi. Buɗe mini."

"Wallahi Baba aikina ne zai tafi."

Ni mai walda ne, katangarmu ɗaya da Baba shekara ashirin da biyu. Ni nake gyara wa kulob ɗin golf ƙofofi da injinan yankan ciyawa, shi ya sa da za su yi bikin cika shekara hamsin suka ba ni aikin firam ɗin allon tarihin da za a kafa a bakin ƙofa. Sun haɗo mini da takardar abin da za a rubuta don in san girmansa. Ni kuma da shegen bakina, ina komawa gida na karanta wa Baba. Har gobe ina jin haushin kaina.

Rigima ce ake ta yi a kulob ɗin wata da watanni. Wasu sun ce wani Injiniya da aka ɗauko daga waje shi ya tsara filin, ga zanensa nan da hatimi an tono a tsohuwar durowa. Wasu sun ce ƙarya ne, Ciyaman na farko ne, wato kakan Ciyaman na yanzu. Manya da furfurarsu sun daina gaisawa a kan wannan. Daga ƙarshe suka sasanta za a rubuta sunayen duka biyun. Abu ɗaya ne babu wanda ya yi musu a kansa, shi ne layin ƙarshe: wai jahilcin leburori ne ya karkatar da ramukan ƙwallo uku daga inda aka zana su, kuma za a fara gyara da mayar da rami na bakwai cikin kwari, kamar yadda zane ya nuna.

Shugaban leburorin nan kuwa shi ne Baba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kula da ciyawar filin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ba ya awo da tef, da ƙafa yake yi, daga nan sunan ya bi shi.

Muna cikin ja-in-ja sai ga Sakataren kulob ya fito, ƙato mai ƙamshin turare, da fayil a hammata. Ya rusuna har da kama hannun Baba da hannu biyu.

"A'a, Baba da kansa! Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya gode. Wa ya ce ni jahili ne?"

"Haba Baba, ai ba a kama suna ba."

"To shi ne ma. Zagin an rubuta, sunan ne aka ga ya yi tsada." Baba ya zare hannunsa. "Injiniyan naku kwana goma sha ɗaya ya yi a nan. Da rani ya zo, da rani ya tafi. Ko yayyafi bai gani ba a filin nan. Kakan Ciyaman kuma mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma daga cikin mota yake nuna mana da sanda. Mun yi na bakwai a kwarin kamar yadda aka zana. Ruwan farko ya cinye shi, tutar ramin kawai ake hangowa. Sai na ce a dakata. Damina guda, duk aka ɗauke ruwa sai in cire takalmi in bi filin. Inda ƙasa ta riƙe ni in kafa turke, inda ta lotsa in wuce. A haka aka samu ramukan da kuke wasa a kai."

"Ikon Allah," in ji Sakatare, yana satar kallon agogo. "Sai dai Baba, kwamiti da takarda yake aiki. Akwai wani abu a rubuce?"

"Akwai ƙasa. Mu je kwarin yanzu, ka cire wannan takalmin naka ka taka. A haƙa kamu biyu, za ku tarar da baƙar laka da duwatsun da muka zuba suka nutse. In ba a samu ba ku rubuta jahili da manyan baƙaƙe, ni zan riƙe muku tsani."

Daidai nan ƙaramar motar da 'yan wasa ke yawo da ita ta zo wucewa ta cikin shinge, Ciyaman na zaune a gaba da farar hula. Baba ya ɗaga hannu ya kira shi da sunan da ake kiransa yana yaro. Ciyaman ya ɗago sandar golf ya yi mana irin gaisuwar da ake yi wa jama'a daga nesa, motar ta wuce. Mutumin da Baba ya koya wa riƙon sanda ke nan.

"Baba, ka je ka huta," in ji Sakatare. "Ni da kaina zan zo gida da rikoda in ɗauki bayaninka daga farko har ƙarshe, kafin a kai littafin biki wurin bugawa. Cikin makon nan."

"Wace rana?"

"Cikin makon nan, in Allah ya yarda."

Na goyo Baba muka kama hanyar gida. Ina jin ƙirjinsa a bayana yana hawa yana sauka da ƙyar. Da muka isa sai da na ciccibo shi daga kan babur.

'Yarsa Auta, wadda take aikin jinya kuma ita ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ta tare mu a tsakar gida.

"Yaya, da hankalinka ka ɗauki mai ciwon zuciya cikin wannan ranar? Don allon ƙarfe?"

"Shi ya matsa."

"Shi ya matsa! In ya ce ka kai shi rijiya sai ka kunna babur?"

Gaskiyarta ce.

Tun daga ranar Baba ya shiga jira. Ya sa Auta ta sayo masa riga mai kwala, shuɗiya, ta goge ta. Kowace safiya sai ya saka ta ya zauna a kujerar roba a bakin ƙofar ɗakinsa, inda yake hango ƙofar gida. Ya sa an ajiye wata kujerar kusa da shi, an share ƙarƙashinta. Jikokin maƙwabta in suka zo hawa sai ya kore su, wai ta baƙo ce. Daga shagona ina jin shi ta kan katanga yana bitar abin da zai faɗa, kamar ɗalibin da zai shiga jarrabawa.

"Daga na shida zuwa na bakwai taku ɗari uku da tamanin. A zane ɗari uku da goma ne. Saba'in ɗin nan ruwa ne ya ci."

Mako ya wuce. Na kira Sakatare, ya ce suna taro. Na sake kira, ya ce ya yi tafiya. Na uku bai ɗauka ba. Na je har ofishinsa da kayan aiki a jikina, na tarar da shi yana gardama da wani a kan sunan wa za a fara rubutawa, na Injiniya ko na kakan Ciyaman. Ya ce mini, "Mai walda, ka gaida Baba, yana raina." Na so in ɗaga teburin in kifa masa. Amma na fito, kuma a makon na haɗa musu firam ɗinsu, na shafe shi da baƙin fenti. Ina da iyali, kulob ɗin kuma su ne manyan masu ba ni aiki. Wannan ne dalilina, kuma ko ni bai gamsar da ni ba.

A mako na uku ƙafafun Baba suka kumbura, ya daina fitowa. Aka mayar da kujerar baƙon cikin ɗaki, gefen gado, tsakanin fanka da kwalaben magani. Na ce masa bari in ɗauki maganar a wayata, ko ba komai a ajiye.

"Kai ka riga ka sani," ya ce. "Auta ta sani. Su nake so su ji da kunnensu, su ce mun ji."

"Baba, mutanen nan ba za su zo ba."

"Ya ce zai zo." Ya ja numfashi da ƙyar. "An fara haƙa kwarin?"

An fara tun shekaranjiya, na ga motar haƙa da idona. Na ce masa ba a fara ba.

"Ƙarya kake, Mai walda. Kunnenka ya motsa." Ya yi 'yar dariya wadda ta koma tari. "Bar su. Damina ba ta karanta zane."

Ranar wata Laraba da hantsi ina yankan ƙarfe, sai na ga Auta tsaye a ƙofar shago, ba ko mayafi. Na kashe injin, na bi ta. Na tarar da Baba a kishingiɗe cikin shuɗiyar rigar, an ɓalle maɓallin sama ɗaya. Ta ce shayi ya nema, kafin ta kawo ya cika.

Tsofaffin leburori huɗu suka zo jana'iza, ɗaya ma jikarsa ce ta riƙo masa hannu don ba ya gani. Daga kulob babu wanda ya leƙo, sai mai gadin nan da ya hana mu shiga. Ya zauna a gefe yana ta share ido, har na rasa yadda zan yi in ci gaba da jin haushinsa.

Kwana tara bayan nan Sakatare ya yi sallama. Babu rikoda. Ya zauna, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce labarin bai same shi da wuri ba, ya ce Baba uba ne ga kowa a kulob.

"Uba?" in ji Auta. "Kwana ashirin da uku uban naku ya yi yana saka riga yana jiranka. Ko abinci ba ya yarda ya ci da ita don kar ta ɓaci kafin ka zo."

"Ayyuka ne suka yi yawa, Malama."

"Layin da ya zagi leburori fa? An cire?"

Ya gyara zama. "Kwamiti ya riga ya amince da shi. Amma ki duba shafi na goma sha biyu, mun sa hotonsa." Ya ajiye littafin biki a kan tabarma, ya miƙe, ya ce ana jiransa.

Ban raka shi ba. Auta ta buɗe shafin. Tsohon hoto ne: Injiniya da malafa, kakan Ciyaman da hannu a aljihu, can a gefe kuma wani saurayi siriri, an yanke rabin kafaɗarsa. Kunnuwan kawai na gani na gane Baba ne. A ƙasa an rubuta sunayen manyan biyu, sannan aka ƙara: tare da wani lebura.

"Yaya, ba ni biro."

Na ciro na aljihuna na ba ta. Ta ɗora littafin a gwiwa ta fara rubuta sunan mahaifinta a ƙarƙashin hoton. Takardar mai santsi ce, tawada ta ƙi kamawa. Ta gwada biron a tafin hannunta, yana yi. Ta koma ta danna da ƙarfi, harafi bayan harafi, har ta kai ƙarshe. Babu ko ɗigon shuɗi a shafin. Sai da ta karkata shi wajen hasken ƙofa muka ga sunan, a lotse cikin takardar.