Garin Ɓawon Da Ya Ƙi Zama A Jini

Shekara huɗu ta yi a ɗakin gwaje-gwaje tana fama da wani gari ruwan ɗorawa da take tacewa daga ɓawon bishiya. Buhu guda na ɓawo bai fi ya ba ta cikin ƙaramin cokali ba. Ta san halin garin nan sarai. Ba ya narkewa a ruwa sai a sifirit ko mai, kuma haske na lalata shi, shi ya sa kwalabensa kullum suke naɗe da baƙar takarda. A kwalbar gwaji kuwa gwani ne. Da ta ɗiga shi a wani ruwan gwaji shunayya, nan take ruwan zai koɗe, alamar yana kame abubuwan da ke cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Ranar Talata da hantsi, dattijon da ke kula da ɓerayen gwaji ya ajiye mata takardar sakamako yana sosa ƙeya.

"Malama, sai haƙuri. Karo na uku ke nan."

Ta cire tabarau ta murza ido, sannan ta karanta. Hanta ce ke sauya garin, cikin awa biyu ya fice a fitsari. Ɓerayen da aka ba su da waɗanda ba a ba su ba, duk kanwar ja ce.

Ta kai wa shugaban sashe takardar. Ya daɗe yana jujjuya ta.

"Ki rubuta na kwalba kawai," ya ce. "Na ɓeraye a bar shi tukuna."

"Ranka ya daɗe, wani zai karanta ya ɗura wa uwarsa."

Ya yi ajiyar zuciya, ya tura mata takardar. "Ni ma na gaji da musu. Rubuta yadda kika gani. Amma ki sani, daga wannan an rufe aikin."

Haka ta rubuta, ba ta rage komai ba.

Da yamma ta biya gidan mahaifiyarta, wadda ciwon suga ya kumbura wa ƙafafu. Ta same ta a kan tabarma, ta jingina da bango.

"Likitar gida! Yau dai kin zo min da maganin?"

"Mama, ba ya aiki. A kwalba kaɗai yake yi."

Tsohuwar ta ce, "Duk na baza wa maƙwabta labari fa."

"Na sani."

"To su ɓerayen, suna lafiya?"

"Ƙalau. Har ƙiba suka yi."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Ashe dai wani ya amfana. Miƙo min ƙwayoyin asibitin can, na kwana biyu ban sha ba, ina jiran naki."

Ta yi wuf ta ɗauko su. Ta ɓallo biyu, ta tsaya a kanta har ta haɗiye. Sannan ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar uwar a cinyarta tana matsawa a hankali, ko takalmi ba ta cire ba.