Ranar da Baba Ya Gyara wa Auta Fim

Ƙanwata Auta ta bar karatun haɗa magunguna tana shekara ta uku, ta ce fim za ta yi. Baba yana da kantin magani, kuma tun tana firamare yake gaya wa masu sayayya ita za ta gaje shi. Ni ce babba, ni ta tura in faɗa masa. Wata biyar gaisuwa kawai yake amsa mata.

Ita da abokanta huɗu suka aro kyamara. Labarin wata yarinya suke ɗauka, wadda ta ajiye karatun lauya ta koma koyon aikin kafinta, don a nan hankalinta yake kwanciya. Da suka rasa ɗakin da za su ɗauki rigimar yarinyar da ubanta, Mama ta ce su zo falonmu ranar Asabar da safe.

Suka janye kujeru, suka rufe taga ɗaya da bargo. Baba bai fita ba. Ya zauna kusa da firij da jaridarsa, kamar ba ya ganin kowa.

Wanda yake fitowa a matsayin uban wani dogo ne mai ƙatuwar murya. Da Auta ta ce a fara, sai ya buga tebur: “Fita min daga gida! Kin zubar min da mutunci!”

Sau uku ana maimaitawa. A na huɗu Baba ya naɗe jaridar.

“Dakata, malam. Wane uba ne yake wannan ihun?”

Auta ta ce, “Baba, haka na rubuta.”

“To, ba ki rubuta daidai ba. Ba fushi ne yake cin uban ba, tsoro ne. Yana tunanin ranar da ba ya nan, wa zai riƙe ta. Sai ya rasa ta cewa, ya tashi yana gyara abin da bai lalace ba.”

Auta ta ce a hankali, “Ko za ka nuna masa?”

Baba ya miƙe ya tsaya gaban yarinyar da take wasan. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, “Kin ci abinci?” Sannan ya juya yana daidaita hoton bango da yake zaune daidai. Mai kyamara bai tsayar da ɗauka ba.

Dogon ya ɗaga hannu. “Baba, ni dai na sauka. Wurin nan naka ne.”

“Ni? Ina da kanti.”

Asabar huɗu ya yi yana wasan. Mama ta riƙa tsokanarsa, wai ta auri mai magani ta wayi gari da jarumi.

Aka nuna fim ɗin da rana a ɗakin taron wani laburare. Kujeru sittin suka cika, wasu suna tsaye a baya. Goggonmu, wadda ta fi kowa cewa Auta ta lalace, tana sahun gaba tana share ido, wai fanka ce take damunta. A ƙarshen fim ɗin, da yarinyar ta shafa teburin farko da ta haɗa da hannunta, aka kunna fitila, tafi ya ɓarke. Wata ɗaliba ta tambayi Auta ko tana nadamar barin makaranta.

“Ina kewar ƙawayena,” in ji ta. “Amma yanzu ba sai an tashe ni da safe ba.”

A bakin ƙofa wani mutum ya kama hannun Baba. “Ai kai ne uban nan na fim!”

“Na fim da na gaske,” Baba ya ce, yadda har na cikin ɗaki za su ji. “Ga daraktar can. ’Yata ce.”

A mota ya leƙa madubi ya ce, “Auta, wurin da na buɗe ƙofa, me ya sa kika yanke? Nan fa na fi kyau.”

“Baba, kyamara ka kalla.”

“Sau ɗaya ne fa.”

“Sau uku,” in ji Mama.