Maganin Mai

Duk layin nan an san cewa idan Yaya mai niƙa ta murza dizal tsakanin yatsunta, magana ta ƙare. A wurin mahaifinta ta gaji wannan, tare da injin niƙan da ake kira Dattijo, wani ƙaton inji da ya girme ta, wanda ba ya tashi sai an juya masa hannu an haɗa gumi. Direbobin tifa kan tsaya a ƙofar shagonta da ɗan mai a murfin jarka, ta murza, ta shinshina, ta ce a zuba ko kada a zuba. Ba a taɓa jin ta ce "ina tsammani" ba. Ita ba ta tsammani, sani take yi.

Ƙanenta Auta shi ne manajan gidan man da ke bakin titi. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta share masa majina, don haka furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa ba ta hana ta aikensa ba. A wurinsa take sayen man Dattijo, kuma saboda ita ne yawancin direbobin suke shan mai a can.

Wata safiya ya kawo mata jarka da kansa, da wata 'yar kwalba a ɗaya hannun.

"Yaya, man da ake kawowa yanzu an canza shi. Ga maganin mai, ki riƙa zuba murfi ɗaya a kowace jarka saboda Dattijo."

"Magani? Man naka ciwo yake yi?"

Ya yi dariya. "Zan yi miki bayani, tankar mai na jirana."

Ya fita da sauri. Yaya ta tura kwalbar bayan tsofaffin bel na inji a kan kantar shagon, ta tsoma yatsa a jarkar. Man ya yi haske, ya tsinke, babu santsin nan da ta saba ji. A saninta abu ɗaya ne ke yi wa dizal haka, kananzir. Amma ga mata a layi da buhunan hatsi, ga shi man daga hannun Auta ya fito, sai ta runtse ido ta zuba.

Dattijo bai yi gardama nan take ba. A hankali ya fara nawar tashi, ya koma tari, sannan famfon da ke tura mai ya soma wani kuka siriri da ba ta taɓa ji ba. Ranar da ya ƙi tashi gaba ɗaya, ta juya hannu har kafaɗarta ta yi tsami. Tana cikin haki wani direba ya miƙo mata murfi a gaban mutane. Ta murza.

"Algus ne. An sirka shi da kananzir."

"Ai kuwa Yaya, na gidan man ƙanenki ne."

"Ko na waye." Ta nuna kwalbar da baki. "Har da magani ya haɗo mini. Wa ya taɓa ba mai lafiya magani?"

Direbobi kuwa bakinsu ya fi motarsu gudu. Kafin mako ya zagayo tifa-tifai sun daina shiga gidan man, mai gidan man ya fara kiran Auta yana tambayar abin da yake ji a gari. An ce har ya soma neman wanda zai maye gurbinsa. Auta bai zo ya yi mata musu ba, bai kuma aiko ba, ƙafa kawai ya ɗauke. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, domin tana son yaron nan fiye da yadda bakinta ya taɓa faɗa. Sai dai gaskiya gaskiya ce, in ji ta, kuma yatsunta ba su san ɗan'uwa ba.

Ta kwance famfon, ta naɗe shi a tsumma, ta nufi wurin mai gyaran famfo a can ƙarshen gari. A hanya ta tsaya wani gidan mai don ta samo wa Dattijo mai na kirki. Ta murza, ta ji shi a bushe. Ta wuce na gaba, nan ma haka. Ta fito tana girgiza kai, tana mamakin yadda gari guda ya zama ɓarayi ba ta sani ba.

Mai gyaran famfo tsoho ne mai tabarau, shagonsa fes kamar ɗakin amarya, domin ƙura ce abokiyar gabar aikinsa. Ya warware famfon a kan farar takarda, ya ɗaga wani ƙaramin ƙarfe zuwa haske. Duk jikinsa zane-zane ne.

"Kananzir," in ji Yaya.

"Haka nake gani da farko, Hajiya, da aka fara kawo mini irinsa. Ba shi ba ne. Matatar mai ce yanzu take wanke farar wuta daga dizal saboda hayaƙi, wankin kuma yana tafiya da maiƙon. Sababbin injuna an ƙera su da sanin haka. Irin naki kuwa, man da yake sha shi ne yake shafe masa ƙarafan famfo. In babu maiƙo, ƙarfe ya ci ƙarfe."

"Wato man ba shi da algus?"

"Tsabta ce ma ta yi masa yawa. Zan sa miki sabon ƙarfe, amma in ba ki mayar wa man maiƙonsa ba, za ki dawo."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗora kwalba a gabanta. Irin ta Auta ce sak, har launin murfin. Yaya ta daɗe tana kallonta. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, kuma ba ta saba da kunya ba.

Amma Yaya ba mai laɓe-laɓe ba ce. A gaban mutane ta ɓata, a gaban mutane za ta gyara. Washegari da hantsi ta ɗauki jarka, ta kakkaɓe ƙurar gari daga kwalbar Auta, ta bi ta inda direbobin ke ajiye motoci.

"Ku da kuka ɗauki maganata kuka yaɗa, ku taso ku ɗauki wata."

Suka biyo ta, don ba a ƙin kiran Yaya. Gidan man shiru, Auta na zaune shi kaɗai a bakin ofis. Ya miƙe da ya gan ta, ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ta sa aka cika jarkar, ta tsoma yatsa, ta ɗaga kowa ya gani.

"A bushe yake, kamar yadda na faɗa. Haka yake a kowane gidan mai, na zagaya na taɓa. Babu ɗigon kananzir a ciki, daga matata aka wanke shi. Yatsuna ba su yi ƙarya ba, bakina ne ya yi. Duk mai tsohon inji ya nemi irin wannan kwalbar, in ba haka ba famfonsa zai bi na Dattijo."

Direbobin suka fara surutu, kowa na cewa shi dama bai yarda ba. Auta ya matso, ya yi magana a hankali yadda ita kaɗai za ta ji.

"Yaya, man kowa sai kin murza kafin ki yanke hukunci. Ni ko tambayata ba ki yi ba."

Ta miƙa masa kwalbar, murfinta a liƙe kamar yadda ya kawo ta.

"Buɗe. Kai ka kawo, kai za ka zuba."

Ya buɗe, ya auna murfi ɗaya, ya tsiyaya a jarkar. Yaya ta girgiza jarkar ta sake murzawa, ta ji santsin ya dawo.

Direban nan da ya fara kawo mata murfi ya shigo da tifarsa ya tsaya a gaban famfon sayar da mai. Ya sauko da kwalba irin ta Auta da ya saya a shagon gefe, ya miƙo wa Yaya bisa sabo.

"Yaya, tanki cike murfi nawa zan zuba?"

Ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su.

"Ni injin niƙa na sani. Tambayi manaja."

Auta ya ɗago kai ya dube ta. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Ya goge ido da bayan hannu, ya karɓi kwalbar, ya tambayi direban girman tankinsa.