Tsuntsun Kawu Merv

"Cire robar nan daga kanki, ko miya za a zuba miki a ciki?" in ji Kawu Merv daga barandarsa.

Pippa ta ƙara danne ta da hannu biyu. Robar ayis kirim ce, na zana mata idanu biyu ta ƙeya, yadda aka yi mana muna yara in Satumba ta kama, magfai, wani tsuntsu mai baƙi da fari, ya fara saran mutane ta ƙeya saboda 'ya'yansa na cikin sheƙa. An ce in ya ga idanu na kallonsa ba ya sara. Pippa 'yata ce, shekararta takwas. Sati uku kafin nan tsuntsun ya sauko mata tana kan keke, ya tsaga mata kunne. Tun ranar ta ƙi waje ƙememe, daga mota sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. Keken yana jingine har gizo-gizo ya yi masa saƙa. Abin ya ci mini rai ba kaɗan ba. Ranar ma da ƙyar na jawo ta mu kai wa tsohon abinci.

Kawu Merv maƙwabcinmu ne tun ba a haife ni ba, tsohon direban jirgin ƙasa. Yanzu huhu ya gaji, bututun iska na maƙale a hancinsa, magana uku sai ya huta.

"Uwarki da kike gani tana muzurai," ya ce wa Pippa, "ba ta san takalmi ba sai da aka ɗaura mata aure."

"Haba Kawu!" na ce.

"Ƙarya nake, Kerryn?"

Ba ƙarya yake ba. Ta bayan gidansa muke bi mu gangara rafi, mu goma sha, mu yini muna kama talibambam a kwalba, muna lilo da igiyar da ya ɗaura mana a bishiyar turare. In rana ta kusa faɗuwa ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, sai ka gan mu muna fitowa daga ciyawa, taɓo har wuya. Yau layin shiru kamar an yi shara. Ina kewar zamanin nan har cikin raina.

"Taimako nake nema, 'yar nan," ya ce. "Tsuntsun da ya sare ki baƙona ne. Shekara goma sha ɗaya kullum safiya ina tono tana uku a ƙasa in ba shi. Yanzu ko shebur ba na iya ɗagawa."

"Mugu ne," in ji Pippa.

"Ba mugu ba ne, bai san ki ba ne. Fuska yake riƙewa. Ni ya taɓa sarana?"

Washegari kafin makaranta ta ɗauki shebur, roba a kai, ta tono tana a gindin kabewarsa tana ta "wayyo, tana motsi!" Ta jefa su daga nesa ta ruga ɗaki. Haka kullum. A sati na biyu ta fara tsayawa ta kalli yadda yake karkata kai yana sauraren ƙasa. Har ta fara zuwa mini da farce baƙi ƙirin, ban taɓa murnar datti irin wannan ba. Amma robar nan ko za a yi me ba ta cirewa.

"Idanun ƙeya kawai yake gani," Kawu Merv ya ce mata wata safiya, muryarsa can ƙasa. "Yaushe za ki gaisa da shi da naki?"

"Gobe."

"To, gobe."

Goben ba ta same shi ba. Da hantsi mai jinyar da ke zuwa masa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na same shi a kujerar baranda, bargo a gwiwa, shayinsa ya huce a gefe, rai ya yi halinsa. Na zauna a matakala na yi kuka kamar ni ce 'yar shekara takwas.

Kwana biyar Pippa ba ta leƙa waje ba. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya, wanda zai fito da ita kuma ya tafi.

Ranar Asabar ina wanke kwanoni sai na ji kukan magfai, wannan mai kama da sarewa. Yana kan ƙarfen barandar Kawu Merv, yana kallon kujerar. Pippa na tsaye a taga.

"Mama, ba wanda ya gaya masa," ta ce.

Ta ɗauki roba da shebur ta fita. Ina kallo ta taga ta tono tanarta, ta taka har gindin baranda, ta tsaya. Sai ta cire robar ta ajiye a matakala, ta ɗaga fuska, ta miƙa wa tsuntsun tafinta da tana a ciki.

Ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya, ya daɗe. Sannan ya sauko ya ɗauki ɗaya.

Da ya gama ta bi ta bayan gidan, ta hanyar rafi, ba takalmi, ciyawa na kai mata ƙugu. Na buɗe baki zan kira ta, na fasa. Robar na nan a matakala inda ta bar ta, idanun da na zana suna kallon kujerar.